Lauyan da Ya Ƙi a Sayar da Shi: John Ward da Tawayen 'Yan Besbol na 1890

A watan Fabrairun 1889 wasu Amurkawa suka fito daga birnin Alƙahira a kan raƙuma da jakuna, suka nufi Giza. Da isarsu gindin manyan dalolin Fir'auna sai suka shata fili a kan rairayi, suka rabu gida biyu, suka kama wani wasa da mutanen wurin ba su taɓa gani ba. Besbol ne. Wanda ya ɗauki nauyin tafiyar shi ne Albert Spalding, shugaban kulob ɗin Chicago kuma attajirin da ke sayar da kayan wasanni. Ya ɗebi 'yan wasa ne domin su zaga duniya su tallata wasan, shi kuma ya tallata hajarsa. Sun riga sun baro Ostareliya da Silon. Italiya, Faransa da Ingila na gaba.

Kyaftin ɗin ɓangaren da ke karawa da Chicago wani saurayi ne ɗan shekara 28, John Montgomery Ward, tauraron kulob ɗin New York Giants. Yana can yana yawon duniya, a gida kuwa an ƙulla abu biyu a bayan idonsa. Na farko, kulob ɗinsa ya amince ya sayar da shi ga Washington a kan dala 12,000, kuɗin da ba a taɓa biya kan ɗan wasa ba. Na biyu, masu kulob sun zauna sun kasa 'yan wasa aji biyar, suka yanka wa kowane aji iyakar albashin da ba zai wuce ba. Ward shi ne shugaban ƙungiyar 'yan wasan, kuma ba a rasa masu cewa da gangan aka jira har jirginsa ya yi nisa a teku. Da ayarin ya isa Turai ya samu cikakken labari, sai ya bar abokan tafiyarsa ya kama hanyar New York.

Ga wanda bai san wasan ba, kowane ɓangare mutum tara ne. Akwai tashoshi huɗu da aka jera a murabba'i, ƙafa 90 tsakanin kowace da mai bi mata: ta farko, ta biyu, ta uku, sai wadda ake kira gida. Mai jifa yana tsakiya, yana wurga wata ƙwallo mai tauri da ba ta wuce cikin tafin hannu ba zuwa ga mai bugu, wanda ke tsaye a gida riƙe da kulki. In ya buga sai ya yar da kulkin ya ruga tasha ta farko. In ya samu ya zagaye tashoshin ya dawo gida, ɓangarensa ya ci maki ɗaya. Aikin masu tsaro su fitar da shi, ko su cafe ƙwallon tun tana sama, ko su tsince ta su aika ta tashar kafin ƙafarsa ta taka. An fitar da mutum uku, sai a yi musanya, masu bugu su koma tsaro, haka har zagaye tara. Masu tsaro uku suna can nesa a bayan fili. Huɗu suna kusa, a jikin tashoshin, su ne 'yan cikin fili. Uku daga cikinsu kowa da tasharsa, na huɗun kuwa yana tsaye a giɓin da ke tsakanin tasha ta biyu da ta uku, inda ƙwallo ta fi yawan bi da gudu, saboda yawancin masu bugu da hannun dama suke bugu. A wannan giɓin Ward ya yi suna.

Sai dai ba a nan ya fara ba. An haife shi ranar 3 ga Maris 1860 a Bellefonte, wani ƙaramin gari a jihar Pennsylvania. Yana ɗan shekara 13 ya shiga kwalejin jihar, wadda a yau ta zama jami'ar Penn State. Kafin ya cika 15 ya rasa uwa da uba. Kwalejin kuma ta kore shi, bisa labarin da ya yaɗu saboda satar kaji. Ba takarda, ba jari, abin da ya rage masa hannunsa na dama ne. Ya iya jifan da ƙwallo ke lanƙwasa a iska kafin ta isa ga mai bugu, fasahar da a lokacin sabuwa ce har wasu ke musun cewa ido ne kawai ke ruɗuwa. Da ita ya yi ta cin abinci a ƙananan kulob, har a 1878 kulob ɗin Providence Grays na babbar gasar National League ya ɗauke shi yana ɗan shekara 18.

Abin da aka sa yaron ya yi a shekaru biyun da suka biyo baya, yau da an kira shi zalunci. A 1879 Providence ta ci wasa 59 ta ɗauki kofi, 47 daga ciki da jifan Ward ne. Ya yi jifa kusan zagaye 600 a kakar nan, ya sake yin kusan haka a 1880. A zamanin yanzu mai jifan da ya kai zagaye 200 a kaka ɗaya ana yi masa kallon ƙarfe. Gaskiya ne dokar lokacin ta tilasta jifa daga ƙasa, hannu bai wuce ƙugu ba, daga nisan ƙafa 45, wanda bai kai jifan sama wahalar da kafaɗa ba. Duk da haka jiki nama ne. A ranar 17 ga Yunin 1880 ya yi abin da har yau ake lissafa masu yin sa da yatsu: masu bugu 27 na Buffalo suka zo gabansa, 27 suka koma, ba wanda ya taka ko tasha ta farko. Kwana biyar kafin nan Lee Richmond na Worcester ya fara yin irin wannan, Ward ne na biyu. National League ba ta sake gani ba sai bayan shekara 84. A watan Agustan 1882 kuma ya yi jifa zagaye 18 a wasa guda, ninki biyu ke nan, bai bar Detroit ta ci ko maki ɗaya ba, aka tashi 1 da 0.

Hannun ya fara gajiya, Providence kuma ta samu wani gwanin jifa, Charles Radbourn. A 1883 Ward ya koma New York. A kakar 1884 ya ji rauni a hannun daman yayin da ya zube ƙasa yana neman taɓa tasha, jifa ya ƙare masa yana ɗan shekara 24. Wani da nan labarinsa ya tsaya. Shi kuwa sai ya koya wa kansa wurgi da hagu, ya ƙarasa kakar yana tsaro a bayan fili kamar bahago. Da hannun ya warke daidai gwargwado, a 1885 ya karɓi tsaron giɓi. Bugu ma ya koma yin sa ta hagu, saboda mai bugu ta wannan gefen ya fi kusa da tasha ta farko da taku ɗaya ko biyu, shi kuwa gudu ne makaminsa.

Zama ɗan cikin fili a shekarun 1880 ba aikin rago ba ne. Da hannu tsirara ake tare ƙwallon da ta taso daga kulki, a filin da ke cike da tsakuwa da ramuka, har ana gane tsohon ɗan wasa da karkatattun yatsunsa. Wanda ya sa safar hannu sai a yi masa dariya. Arthur Irwin, mai tsaron giɓi a Providence, ya karya yatsu biyu, sai ya sa aka cusa wa wata safar fata auduga domin ya ci gaba da wasa. Ward na cikin manyan da suka fara kwaikwayonsa, da haka kunyar ta fara fita. Amma akwai masu taurin kai: Bid McPhee na Cincinnati, gwanin tasha ta biyu, bai yarda ya sa safa ba sai 1896. Ga alƙalin wasa ɗaya tak a fili, wanda ba zai iya kallon ƙwallo da masu gudu a lokaci guda ba. Mai gudu kan yanke hanya ya tsallake tasha, mai tsaro kan riƙe masa ɗamara, ƙusoshin takalmi kuwa na ƙarfe ne.

Ward ba ƙato ba ne, kuma akwai waɗanda suka fi shi tsabtar hannu a wannan matsayi, irin su Jack Glasscock. Abin da ya fi su da shi kai ne. Shekarun da ya yi yana jifa sun koya masa halin kowane mai bugu, saboda haka yakan gusa zuwa inda ƙwallo za ta bi tun kafin a buga ta. A gudu kuwa ya ƙware a abin da ake kira satar tasha, wato mai gudu ya faki idon mai jifa ya ruga tasha ta gaba ba tare da an buga ƙwallo ba. A 1887 an lissafa masa sata 111, fiye da kowa a gasar. Lissafin lokacin ya fi na yanzu sassauci, domin har ƙarin tashar da mutum ya ci da zafin nama bayan bugu ana sa ta a ciki, amma da ma'auni ɗaya aka auna kowa, shi ne kuma ya zo na ɗaya. Yana cikin taurarin Giants lokacin da suka ɗauki kofi a 1888, shekarar da ya wallafa littafi kan yadda ake zama ɗan besbol.

Duk wannan da rana ne. Da dare da kuma lokacin sanyi, yaron da aka kora daga kwaleji yana zaune a aji a jami'ar Columbia. A 1885 ya samu digirin lauya, shekara ta gaba ya ƙara da na kimiyyar siyasa. Ya yi ta rubutu a jaridu, a 1887 ya auri Helen Dauvray, fitacciyar 'yar wasan kwaikwayo ta New York. Masu kulob sun saba da 'yan wasan da ke sa hannu a takarda ba tare da sun karanta ba. Yanzu ga wanda ke karantawa, ya kuma san abin da kowane layi ke nufi.

Layin da ya fi damunsa shi ne dokar riƙo. A 1879 masu kulob na National League suka yi yarjejeniya a asirce cewa kowane kulob zai ware 'yan wasa biyar da babu wani kulob da zai taya. Suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce: kafin nan 'yan wasa na tsalle daga wannan kulob zuwa wancan, kulob na rushewa a tsakiyar kaka, ga 'yan caca da suka sayi wasu 'yan wasan Louisville a 1877. Amma biyar ta zama 11 a 1883, ta zama 14 a 1887, wato kusan kowa. Wanda aka riƙe, ko kwantiraginsa ya ƙare, ba shi da inda zai je. Ko ya karɓi abin da aka ba shi, ko ya bar sana'ar, in ya yi gardama a sa sunansa a baƙin littafi. Kulob kuwa na iya sallamarsa da sanarwar kwana goma. Har kuɗin rigar wasa, dala 30, da wani abu na abinci a ranakun tafiya, daga albashinsa ake cirewa. A watan Oktoban 1885 aka ƙara da cewa ba wanda zai karɓi fiye da dala 2,000 a shekara. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 22 ga watan, Ward da wasu abokan wasansa na New York, cikinsu har da Buck Ewing, Tim Keefe, Roger Connor da Jim O'Rourke, suka kafa ƙungiya suka sa mata suna Brotherhood, wato 'yan'uwantaka. Ita ce ƙungiyar ƙwadago ta farko ta 'yan wasa a Amurka. Cikin shekara guda membobinta sun haura ɗari.

Jama'a ba su cika tausaya musu ba. Ma'aikacin masana'anta a lokacin da wuya ya ga dala 500 a shekara, to me zai sa ya yi kuka don wanda ke karɓar 2,000 yana wasa? Ward ya gane cewa maganar ba ta yawan kuɗi ba ce, ta ikon mutum da kansa ce. A watan Fabrairun 1887 Spalding ya ba shi misalin da yake nema: ya sayar da Mike Kelly, wanda ake yi wa laƙabi da Sarki, ga Boston a kan dala 10,000. Boston ta kauce wa iyakar albashi da dabara, ta ba Kelly 2,000, ta ƙara masa 3,000 wai kuɗin amfani da hotonsa. Amma daga kuɗin cinikin, ko sisi bai gani ba. Chicago ba ta sayar da sauran kwantiragi ba, domin kwantiragin ya riga ya ƙare. Abin da ta sayar shi ne ikon hana shi aiki a wani wuri. A kara, mai saniya na samun kuɗinsa, dillali na samun la'adarsa, saniyar ce kawai ake ja da igiya zuwa sabon gida.

A watan Agustan shekarar Ward ya rubuta maƙala a mujallar Lippincott's yana tambaya ko ɗan wasa dukiya ce da ake mallaka. Bai ce a soke dokar riƙo gaba ɗaya ba, ya ma yarda cewa ta kawo natsuwa a gasar. Abin da ya ƙi shi ne a mai da ita makamin danne albashi da cinikin mutane, har ya kamanta ta da tsohuwar dokar kamo bayin da suka gudu.

Nan akwai abin da bai kamata a tsallake ba. Shekara 22 kacal ke nan da soke bauta a Amurka, kuma ƙungiyar da ke kukan an mai da ita bayi ba ta da baƙar fata ko ɗaya. A watan Yulin 1887 ɗin nan gasar International League ta yanke cewa ba za ta ƙara amincewa da sabon kwantiragin baƙar fata ba. Frank Grant, wanda ke tsaron tasha ta biyu a Buffalo kuma yana cikin gwanayen zamaninsa, sai da ya riƙa ɗaura katako a ƙwaurinsa saboda masu gudu da ke auna shi da ƙusoshin takalmi da gangan. Sol White, baƙar fatar da ya rubuta tarihin wasan a 1907, ya ba da labarin cewa Ward ya so Giants ta ɗauki George Stovey, mai jifa baƙar fata, amma Cap Anson na Chicago ya tayar da ƙura aka fasa. In haka ne, abin yabo ne gare shi. Sai dai Brotherhood ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin yaƙinta ba.

Da Ward ya sauka New York a farkon 1889, ya shaida wa masu cinikinsa cewa ba inda za shi sai an ba shi kaso mai tsoka daga dala 12,000 ɗin. Cinikin ya watse. Tsarin azuzuwan kuwa, wanda John T. Brush na Indianapolis ya kawo, ya tsaya: ɗan aji na ɗaya dala 2,500, ana sauka da 250 har zuwa 1,500 ga ɗan aji na biyar, kuma har halin mutum a wajen fili ana dubawa wurin sa shi a aji. Ward ya nemi zama da masu kulob. Spalding ya ce ba abin gaggawa ba ne, a bari sai kaka ta ƙare. 'Yan wasa suka fusata, wasu suka ce a tafi yajin aiki ranar 4 ga Yuli, ranar 'yancin kan Amurka, wadda ta fi kowace kawo kuɗin ƙofa. Ward ya hana. Yana da wata shawara da ta fi yajin aiki girma: su kafa tasu gasar.

Suka yi shiru suka ci gaba da wasa, a ɓoye kuma kowane wakili yana neman masu zuba jari a garinsa. Na farko da ya shigo shi ne Albert Johnson, mai kamfanin motocin dogo na cikin gari a Cleveland. Ana cikin wannan ƙulle-ƙulle Ward ya sake kai Giants ga kofi, suka haɗu da Brooklyn, zakarun gasar American Association, a karawar zakaru. A wasa na shida, zagaye na tara, ana cin New York 1 da 0, saura mutum ɗaya a fitar a tashi, Ward ya buga ya kai tasha ta farko, ya saci ta biyu, ya saci ta uku, ya shigo gida aka yi kunnen doki. A zagaye na 11 shi ya buga ƙwallon da ta kawo makin nasara. Giants ta ɗauki karawar da wasa 6 da 3. Kwanaki kaɗan bayan ya gama ciyo wa maigidansa John B. Day kofi, ranar 4 ga Nuwamba, Brotherhood ta fitar da sanarwar ballewa.

Sabuwar gasar, Players' League, wato gasar 'yan wasa, ta buɗe a 1890 da kulob takwas: Boston, Brooklyn, New York, Philadelphia, Chicago, Pittsburgh, Cleveland da Buffalo. Babu dokar riƙo, kwantiragi na shekara uku ne, ba a sayar da mutum ba da yardarsa ba. Majalisar da ke mulkin gasar rabi 'yan wasa ne rabi masu jari, riba kuma za a raba. An sa alƙalai biyu a kowane wasa. Mafi yawan taurarin National League suka bi Ward, har da Kelly, daga American Association kuma Charles Comiskey ya zo. Wasu sun zuba ajiyarsu, kamar wani mai cafe ƙwallo a bayan mai bugu, Connie Mack, da ya sa kuɗinsa a kulob ɗin Buffalo. Anson ya ƙi bin su. Glasscock ya shiga, sannan ya juya ya koma, 'yan'uwansa suka kira shi maci amana. Spalding da kansa ya ba da labarin cewa ya ajiye wa Kelly cakin dala 10,000 ya dawo, Kelly ya ce ba zai juya wa abokansa baya ba.

Masu kulob suka fara da kotu. Kamfanin da ya mallaki Giants ya nemi a hana Ward wasa a ko'ina. A watan Janairun 1890 Mai shari'a Morgan O'Brien na New York ya ƙi, yana mai cewa kwantiragin da ya ɗaure ɓangare ɗaya shekara da shekaru, ya bar ɗayan ya fice da sanarwar kwana goma, babu adalci a cikinsa da kotu za ta tilasta. Ƙarar da aka kai Ewing ma haka ta ƙare.

Da kotu ta gagara sai aka koma kasuwa. Kwamitin yaƙi na National League, ƙarƙashin Spalding, ya tsara wasanninsa su faɗa rana ɗaya, gari ɗaya da na 'yan tawaye. A New York filayen biyu ma maƙwabta ne, katanga ce ta raba su, har a watan Mayu da Mike Tiernan ya buga wata ƙwallo ta tsallake filin National League, 'yan kallon filayen biyu suka yi masa tafi. Kowane ɓangare ya yi ta raba tikitin kyauta yana ƙara wa jaridu alƙaluman 'yan kallo. Duk da ƙaryar, yawancin masu bincike sun yarda cewa gasar 'yan wasa ta fi jan jama'a. Kulob ɗin National League na Pittsburgh ya ci wasa 23 ya sha kashi 113. John B. Day ya kusa tsiyacewa, sai da sauran masu kulob suka yi masa karo-karo a asirce. A fili kuwa Ward, yana koci yana wasa, ya yi kakar da tana cikin mafi kyau a rayuwarsa, ya kai kulob ɗinsa na Brooklyn matsayi na biyu a bayan Boston ta Kelly.

Ya yi nasara a kotu, ya yi nasara a ƙofa, amma ya faɗi a teburin sulhu, domin a can ba shi da kujera. Kowa ya yi asara a kakar nan. Bambancin shi ne masu kulob na National League sun saba da asara kuma sun iya ɓoye ta, su kuwa masu jarin sabuwar gasar 'yan kasuwa ne da aka yi wa alkawarin riba a shekarar farko. Da aka zauna a watan Oktoba, suka buɗe littattafansu suka faɗi abin da suka rasa. Spalding ya saurara, ya rufe nasa, ya nemi su miƙa wuya, daga baya ma ya yi alfahari da cewa barazana ce kawai. National League ta ce ba za ta zauna da 'yan wasa ba, masu jarin kuma suka amince aka fitar da su Ward daga ɗakin. Na New York da na Brooklyn suka haɗe da abokan gabarsu, saura suka bi ɗaya bayan ɗaya. Zuwa Janairun 1891 gasar ta mutu. Kuskuren Ward, in kuskure ne, shi ne ya gina gidan 'yan ƙwadago a kan kuɗin mutanen da bukatarsu ta fi kusa da ta Spalding fiye da tasa.

An yafe wa 'yan tawaye, kowa ya koma inda aka riƙe shi. A wajen rabon ne Pittsburgh ta yi wuf ta ɗauke Lou Bierbauer, wanda ya tsare wa Ward tasha ta biyu a Brooklyn, saboda tsohon kulob ɗinsa na Philadelphia ya manta bai sa sunansa a jerin riƙo ba. Aka zarge ta da fashin teku, sunan Pirates ya bi ta har yau. Connie Mack ya rasa ajiyarsa. Filin da 'yan wasa suka gina a New York, Giants ta gaje shi. Bayan kakar 1891 American Association ma ta rushe, National League ta rage ita kaɗai da kulob 12, ta zaftare albashi yadda ta ga dama, ta kuma tsayar da iyaka a dala 2,400.

Ward ya ƙara shekara huɗu yana koci yana wasa, biyu a Brooklyn, biyu a New York, yawanci a tasha ta biyu. A 1892 ya sake fin kowa satar tasha. A 1894 ya kai Giants ta lallasa Baltimore wasa huɗu a jere ta ɗauki kofin Temple, sannan ya ajiye kulki yana ɗan shekara 34. Har yau shi kaɗai ne ya haɗa nasara sama da 100 a jifa da bugu mai kyau sama da 2,000: ya ci wasa 164 yana jifa, kafin ya koma cikin fili.

Ya buɗe ofishin lauya, 'yan wasa suka zama cikin masu zuwa wurinsa, har da Amos Rusie, mai jifan da ya ƙi buga kakar 1896 gaba ɗaya saboda tarar da mai Giants ya ci shi. A 1909 an tsayar da shi takarar shugabancin National League, ƙuri'a ta tsaya huɗu da huɗu, Ban Johnson na American League ya yi ta sukarsa har aka ba wani. Ward ya kai Johnson ƙara kan ɓata suna, ya ci. Ya ɗan riƙe shugabancin kulob ɗin Boston, ya yi aiki da Federal League da ta sake ƙalubalantar manyan gasanni a 1914, ya zama gwani a wasan golf. Ya rasu a Augusta ta jihar Georgia ranar 4 ga Maris 1925, kwana ɗaya bayan cikarsa shekara 65. Sai a 1964 aka sa shi a zauren gwarazan besbol da ke Cooperstown, allon da aka rubuta masa kuma bai ambaci Brotherhood ba.

Dokar riƙo ta rayu shekara 50 bayan mutuwarsa. A 1969 Curt Flood, baƙar fata ɗan wasan St. Louis, ya ƙi yarda a miƙa shi ga Philadelphia, ya kai maganar har Kotun Ƙoli, ya faɗi a 1972. Masu bin ƙwallon ƙafa za su tuna cewa a Turai ma sai a 1995, da shari'ar Bosman, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare ya samu 'yancin tafiya ba tare da an biya kuɗi a kansa ba. A besbol, sabuwar ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin Marvin Miller ta bi wata hanya: masu jifa biyu, Andy Messersmith da Dave McNally, suka buga kakar 1975 ba tare da sa hannu a sabon kwantiragi ba, sannan aka kai maganar gaban mai sasantawa Peter Seitz. A watan Disambar shekarar Seitz ya yanke cewa riƙon shekara ɗaya ne kawai, ba na har abada ba. Yana gama sa hannu a hukuncin, wakilin masu kulob ya miƙa masa takardar sallama daga aiki.